Ɗan kuregen Amurka a bakin ƙofa: amsoshin tambayoyinku

Yawancin wasiƙun wannan karon daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Kanada suka fito, kuma kusan dukkansu a kan 'yar dabba ɗaya suke magana, wato ɗan kuregen nan nasu mai zane a gadon baya, wanda mutanen can ke kira cifmonk. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ko kusa bai kai kuregenmu na gonar gyaɗa girma ba, nauyinsa bai wuce giram 100 da 'yan kai ba. Yana da baƙaƙen layuka 5 a baya, da jaka a cikin kowane kunci. Na gan shi da idona lokacin da na kai wa 'yata ziyara a jihar Ohayo. Bayan asuba nakan zauna a matakalar bayan gida da carbi, sai ga shi ya ɓullo daga ƙarƙashin wani dutse, ya tsaya cak, ya ɗauki ƙwaya da hannu biyu ya juya ta, ya tura a kuncin dama, ta gaba a na hagu, har fuskarsa ta ninka, sannan ya ruga da wutsiya a tsaye. Duk wanda ya gani zai so shi. Don haka ban ga laifin kowa a cikin masu tambayar nan ba, sai mutum ɗaya, kuma zan zo kansa.

Tambaya: Baba, ɗana mai shekara 6 ya ƙulla abota da wani ɗan kurege a bayan gidanmu. Kullum yana ajiye masa gyaɗa, yanzu har yana son ya ba shi a tafin hannu. Yaron ba ya da abokai a unguwar, wannan ne kaɗai ke sa shi dariya. Ina tsoron cuta, kuma ba na son in karya masa zuciya. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Minesota.

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, ba ki yi sakaci ba. Yaron da yake tausayin ƙaramar halitta tarbiyya ce ta nuna, kuma an ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Kada ki hana shi. Iyaka za ki sa masa, guda ɗaya tak: hannu ba zai taɓa dabbar ba.

Ki samo wani faffaɗan dutse ko kututture can nesa da ƙofar gida, kamar taku 10. Nan ne wurin ajiya. Ƙwaya 4 ko 5 a rana sun isa, ɗanyar gyaɗa ko soyayya marar gishiri, ko 'ya'yan furen rana, ko ɗan yankan tuffa. Ban da biredi, ban da biskit, ban da cincin da alewa. Ya ajiye, ya dawo ya zauna shiru. Cikin 'yan kwanaki dabbar za ta riƙa ci yana kallo, ya ga yadda take cika kumatu, wanda shi ne daɗin abin gaba ɗaya. In ya shigo, sabulu da ruwa.

Abin tsoro a jiharku ba haƙoran kuregen ba ne, kaska ce. Minesota tana cikin jihohin da cutar Laim ta yi yawa, cutar da ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat inda aka fara lura da ita a 1975. Ƙananan kaska ke ɗaukar ƙwayar cutar daga jinin ɓerayen daji da irin waɗannan kuregun, su sa wa mutum. Ba irin ƙatuwar kaskar da muke cire wa shanu ba ce, wata ko ƙwayar riɗi ba ta kai ba. Saboda haka duk yammar da ya yi wasa a ciyawa ki duba bayan kunne, da cikin gashi, da hammata, da bayan gwiwa, da ƙugu. Yawanci sai kaskar ta wuce awa 24 maƙale a jiki kafin ta sa cutar, shi ya sa dubawar kullum take da amfani. In kin gan ta, ki kama ta da matsefata daf da fata ki ja a hankali. Kada ki ƙona ta da ashana, kada ki shafa mata man shafawa. Wani abu kuma da ya shafe mu musamman: jan tabo mai zagaye da likitocin can ke nema a matsayin alama ba ya fita sosai a baƙar fata. In yaro ya yi zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan cizon kaska, ki faɗa wa likita batun kaskar da bakinki, kada ki jira ya tambaya.

Dalili na biyu na hana ba shi a hannu don dabbar ne. Tsoron da take ji shi ke tsare ta daga kyanwar maƙwabta da shaho. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe. Ranar da ta daina gudun mai tahowa, kwananta ya kusa ƙarewa. Ki gaya wa yaron haka da harshen da zai gane, za ki ga ya fi ki kiyayewa.

Tambaya: Baba, na ga buhun abincin kurege na musamman a intanet dala 28, da ɗan teburin katako da ake zuba musu a kai dala 35. Wanne zan fara saya? Daga wani ɗalibi a Toronto.

Amsa: Ɗana, kada ka sayi ko ɗaya. Tun daga 1 ga Afrilu 2023 dokar birnin Toronto ta hana ciyar da namun daji, a wurin gwamnati ne ko a cikin harabar gidanka, in ban da ƙananan tsuntsaye da aka yarda a rataya musu abin ci. Kai da ke zaune da bizar karatu ba ka da buƙatar takardar tara a ƙofarka. In ka fita yawo gandun dajin gwamnati irin su Banf, can tarar tana iya kaiwa dala 25,000 ta Kanada. Sannan ka haɗa dala 63 ɗin nan, ka tambayi canjin yau a Wapa, ka lissafa mudu nawa na gero za ta ɗauko a Dawanau, ka tuna wa ke biyan kuɗin makarantarka. Abin da ke cikin buhun masara ce da gyaɗa da 'ya'yan furen rana, hoton da ke jikin ledar kake saya. Tebur kuwa, dabbar da Allah ya yi wa jaka a baki ba ta buƙatarsa, yawanci kwashewa take ta kai rami. Kallo kyauta ne, ka yi ta kallo.

Tambaya: Baba, akwai ragowar gyaɗa da na zo da ita daga gida bara, ta ɗan yi baƙi-baƙi da ɗaci, wasu sun yi funfuna. Maimakon in zubar, zan iya ba kuregun nan? Akwai kuma wani shago da ke sayar da buhun gyaɗar dabbobi da araha sosai. Daga wata Hajiya a Niyu Jazi.

Amsa: Hajiya, ki ɗaure ta a leda ki jefa a shara yau ɗin nan. Kada ki ba kurege, kada ki ba tsuntsu, kada ki ce za ki soya ki gyara. Ki yi haƙuri zan tsawaita a nan, don wannan magana ta daɗe tana cina, kuma ba ke kaɗai nake yi wa ba.

Muna da wata ɗabi'a, daga gida har ƙasar waje: duk abin da ya lalace sai mu ce a ba dabba. Tuwo ya yi tsami, a ba kaji. Masara ta jiƙe a rumbu, a ba awaki. Gyaɗa ta yi funfuna, a kai wa masu matse mai. Muna ɗauka tattali muke yi. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin. Yadda ma aka gano ta ta hanyar dabbobi ne. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi diddigi sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Burazil aka haɗa musu a abinci. Tsuntsu mai nauyin kilo da kilo ke nan. To ina ga ɗan kurege mai giram 100? Kuma shi ba nan take yake cinyewa ba, rami yake kaiwa ya ɓoye a ƙasa mai danshi na tsawon watanni, inda funfunar za ta ci gaba da yaɗuwa a cikin sauran abin da ya tara da wahalarsa. Kin ba shi sadaka, kin lalata masa rumbu.

Gubar nan hanta take ci. A hankali take aiki, shekara da shekaru, tana jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kowa ya san yadda ya yi yawa a cikinmu. In ta yi yawa a lokaci guda kuwa ba ta jira: a 2004 a gabashin Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Saniyar da ta ci tunkuza mai ita, wani abu daga gubar yana fita a nononta, ya shiga kindirmo. Kajin da muka ce mun yi wa tattali, su ne ke daina girma da ƙwai, mu yi ta sayen magani muna zargin iska.

Kakata, Allah ya ji ƙanta, ba ta san sunan wannan guba ba, amma ba ta taɓa daka gyaɗa ba tare da ta baza ta a faifai ba. Takan zauna a inuwar zaure da yamma, ta riƙa bi da yatsa ɗaya-ɗaya. Mai baƙi gefe, mai yamutsattsiyar fata gefe, wadda ƙwaro ya huda gefe, wadda ta tsage ta canza launi a ciki gefe. In ta gama sai ta tattara na gefen ta zuba a murhu. Na taɓa miƙa hannu zan watsa wa kaji, ta buge mini hannu ta ce abin da ba za ka ci ba kada ka ba mai rai. Yau wa ke da wannan haƙurin? Abin da aka tsince aka ware, shi ne wani zai saya da rahusa, ya niƙa, ya fitar da mai, ya murza ƙuli-ƙuli, ya zuba yaji da gishiri har ɗacin ya ɓuya, yaranmu su saya a ƙofar makaranta. Wannan ba dabarar kasuwa ba ce, cuta ce, kuma mai yi zai amsa tambaya. Mai saye ma da ya ga ƙuli ya fi na kowa araha bai tambayi dalili ba, yana da nasa kason. Manomanmu kuwa, a busar da gyaɗa a kan tabarma ko leda, ba a kan ƙasa ba, a tabbatar ta bushe har tana ƙara a cikin kwanso kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Akwai kuma maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gona mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Ku tambayi malaman gona, ku kuma duba leda da kyau, don duk abin da manomi ke nema sai an samu mai yin jabunsa.

Batun buhun shagon da kika ambata, Hajiya: a Amurka hukumar abinci ta ƙayyade wa abincin mutane kashi 20 cikin biliyan na wannan guba, amma ga wasu manyan dabbobi an yarda ya ninka haka sau da yawa. Buhun da aka rubuta wa "ba na cin mutum ba" ke nan ba a tsananta masa kamar na cinki ba, arahar tasa ba banza ba. Ƙwaya 5 a rana kike buƙata. Ki ɗiba daga gyaɗar da kike ci da bakinki.

Tambaya: Baba, wane irin tarko zan saya in kama guda biyu, in sa a keji in kawo wa yarana Kano in za ni hutu? Daga wani bawan Allah a Shikago.

Amsa: Malam, kai ne wanda na ce zan zo kansa. Wannan tambaya ba ta dace da mai iyali ba. Dabbar da ramin ta a ƙasa yakan kai tsawon mita 9, da ɗakin kwana da ɗakunan ajiya, ita za ka cusa a kejin kanari? Ba ta ma zama da 'yar'uwarta, kowace da yankinta, in ka haɗa biyu faɗa za su yi ta yi. A jiharku da yawancin jihohin Amurka ajiye naman daji a gida sai da izinin hukuma, kuma jirgi ba zai ɗaukar maka ba. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

In wannan bai ishe ka ba, ka tambayi maƙwabtanka abin da ya faru a 2003. An kai ƙananan dabbobi kusan 800 daga Gana zuwa Teksas don masu kiwon sha'awa, ciki har da gafiya. Wasu suka isa hannun wani dillali a jihar Ilinoi, jihar da kake zaune, aka ajiye su kusa da wasu dabbobin rami na can, suka shafa musu cuta, aka kuma sayar wa iyalai dabbobin ramin. Mutum 47 suka kamu da ƙyandar biri a jihohi 6, karo na farko da cutar ta ɓulla a jikin mutane a wajen Afirka. Tun daga nan Amurka ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka. Kai kuma kana so ka yi irin wannan jigilar ta koma gida. Ka ɗauki bidiyo ka nuna wa yara.

Tambaya: Baba, ina ba shi gyaɗa sai ya cije ni a yatsa, jini ya ɗan fito. Tun jiya ban yi barci ba, ina tunanin ciwon haukan kare. Daga wata ɗiyarka a Merilan.

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi barcinki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce da wuya ƙwarai a samu wannan ciwo a jikin ƙananan dabbobi irin su kurege da ɓera, kuma ba a san sun sa wa mutum ba. Kuregen ya ɗauka yatsanki gyaɗa ce. Ki wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo sosai, ki kira likitanki yau ki faɗa masa, ki tambaye shi ko lokacin sabunta allurar tetanus ɗinki ya yi. In wurin ya kumbura, ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, asibiti kai tsaye. Masu zuwa yawo yammacin ƙasar su ƙara kula: a 2021 sai da aka rufe wasu wuraren shaƙatawa a bakin Tabkin Taho a Kalifoniya, saboda an samu kuregun wurin ɗauke da wata muguwar cutar annoba da ƙuma ke yaɗawa. Wanda kuka gani a kwance ko a mace, kada ku taɓa.

Tambaya: Baba, mun ga bidiyon Turawa suna wasa da kurege, mu ma akwai kurege a bayan gidanmu kusa da gona. Mu fara zuba masa hatsi? Daga wasu matasa a Bici.

Amsa: 'Ya'yana, ku fara tambayar mahaifinku, wanda kuregen ke tone wa irin gyaɗa tun kafin ta tsiro. Ba ya buƙatar taimakonku, yana ɗiban rabonsa da kansa. Kuma hatsin da kuka zuba a bayan ɗaki da rana, ɓera ke cinye shi da dare. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓeran gida da gona yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi. Ku share tsakar gida, ku rufe hatsi a mazubi mai murfi. Mai son lada ya ajiye kaskon ruwa a ƙarƙashin bishiya can bakin gona a watan Afrilu, ya riƙa sauya ruwan kullum.

Tambaya: Malam, ni tsohuwa ce, na zo zama wurin ɗana tun da maigidana ya rasu. Kowa yana fita aiki, ba na jin Turanci. Duk damina wani ɗan kurege ke zuwa gaban tagata, ina ajiye masa gyaɗa ina yi masa magana. Yau mako 3 ban gan shi ba tun da sanyi ya shigo. Ko ni na kashe shi da abin da nake ba shi? Jikata ce ta rubuta mini. Daga wata kaka a Mishigan.

Amsa: Inna, Allah ya ji ƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa, ke kuma ya ba ki haƙurin zaman baƙunta. Wasiƙarki na karanta ta sau biyu. Alamu duka sun nuna ba abin da ya sami abokin hirarki, lokacin shigarsa ɗaki ne ya yi. Haka Allah ya tsara musu: da sanyi ya kankama, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sai su shige rami su toshe ƙofa. Jikinsu ya yi sanyi, numfashi ya ragu, su yi barci mai nauyi. Ba sa tara kitse a jiki kamar wasu dabbobin can, abin da suka tara a rumbu shi ne guzurinsu. Bayan 'yan kwanaki sai ya farka, ya ci daga ajiyarsa, ya koma ya kwanta. Gyaɗar nan da kika ga yana cika kumatu da ita yana gudu, a yanzu haka tana can ƙasan ƙanƙara kusa da shi.

Kada ki ci gaba da ajiye abinci a tagar yanzu, ɓeraye za ki jawo wa gidan. Kada kuma a tona ramin don a duba shi, ko a toshe ƙofar, wadda 'yar huda ce da ba ta fi bakin kofin shayi ba, babu tulin ƙasa a gefenta. Ki jira watan Maris ko farkon Afrilu, idan ƙanƙara ta fara narkewa, ki duba wurin da hantsi. Ba zan ɓoye miki ba, rayuwarsu gajera ce, yawanci shekara 2 zuwa 3, saboda haka wata shekarar mai zuwa tagar yana iya zama ɗansa ne. Kafin nan ki sa ɗanki ya sayo miki 'yar ledar irin furen rana, kuɗinta kaɗan ne, ki shuka a gefen katanga idan sanyi ya wuce, ki bar kawunan su bushe a tsaye, kurege da tsuntsaye su ɗiba da kansu. An ruwaito cewa duk abin da Musulmi ya shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Ke kuma jika mai rubutu, ki gaya wa babanki ya nemo masallaci ko taron matan Hausawa mafi kusa da ku, ya riƙa kai Inna ranar Juma'a, ki kuma zauna da ita a bakin tagar nan in kin taso makaranta.